Sayen Bashin Harajin Gidaje a Amurka: Me Mai Shiga Harkar Yake Saye a Zahiri?

Duk wanda ya ɗan jima yana bibiyar masu koyar da neman kuɗi a YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani Ba'amurke ba, yana tsaye a ƙofar gida mai kyau, yana ɗaga takarda yana cewa da dala 2,000 kacal ya mallake shi saboda mai gidan ya kasa biyan haraji. Wannan talla ta girmi intanet, domin tun lokacin da ake saka ta a talabijin da tsakar dare take jan mutane, yanzu kuma ta iso wayoyin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, har da na waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba. Harkar da ake magana a kanta gaskiya ce, doka ce ta kafa ta, kuma akwai masu cin abinci da ita. Sai dai akasarin masu shigarta da niyyar samun gida a araha sun ɓata lissafi tun daga bakin kasuwa, domin hajar da ake gwanjonta bashi ce, wanda ya saya kuwa ya zama mai bin bashi, ribarsa kuma kuɗin ruwa.

Tushen al'amarin shi ne yadda ƙananan hukumomin Amurka suke samun kuɗin shiga. Harajin gidaje da filaye yana hannun gundumomi da birane da hukumomin makarantu, kuma da shi ake biyan malaman makaranta da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, da shi ake gyaran titunan unguwa. Kasafin shekara an riga an gina shi a kan cewa kuɗin zai shigo, saboda haka idan mai gida bai biya ba, gunduma ba ta da halin zaman jiransa. Doka takan ɗora bashin a kan kadarar kanta, abin da za a iya kira jinginar dole, tunda ba da yardar mai gida aka yi ta ba. Ta bambanta da jinginar gona da muka sani, inda wanda ya ba da kuɗi yake noma gonar har ranar fansa. A nan mai gida yana nan zaune cikin gidansa, amma ba zai iya sayar da shi da tsabtatacciyar takarda ba sai ya sauke bashin. Ƙarfin wannan jingina yana cikin matsayinta: a yawancin jihohi tana gaba da bashin bankin da ya ba da rancen sayen gidan, ko da banki ya riga ta da shekara 20. A Najeriya, inda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye ga gwamnan jiha, wanda ya ƙi biyan kuɗin ƙasa da gwamnati yake yi kai tsaye, ita ce mai soke masa takarda. A Amurka kuwa gunduma takan ɗauki bashin ta kai shi kasuwa, ta karɓi kuɗinta nan take, ta ba mai saye takardar shaidar bashin, ta bar shi da jira.

Ba dukkan jihohi 50 ke bin wannan hanya ba, kuma a nan sabon shiga yake fara ruɗewa. Kalifoniya ba takardar bashi take sayarwa ba, takan jira shekara 5 a kan gidan zama sannan ta yi gwanjon kadarar da kanta. Teksas tana tsaka-tsaki: mai saye yana karɓar takardar mallaka, amma tsohon mai gida yana da damar fansa, ya biya ƙarin kashi 25 cikin 100 a shekarar farko, ko kashi 50 a ta biyu idan gidan zamansa ne ko gona, sauran kadarori kuwa kwana 180 kawai aka ba su. Jihohin da suke sayar da takardar bashi zalla sun haɗa da Filorida da Arizona da New Jersey da Iowa da Kolorado, kuma kowacce da dokarta, har ta kai wanda ya ƙware a ɗaya yana iya zama baƙo a maƙwabciyarta.

Filorida ce ta fi dacewa a duba da kyau, domin gwanjonta na intanet ne, kuma can ne sababbin shiga suka fi nufa. Takardar neman biyan haraji tana fita a watan Nuwamba, wanda ya biya a watan ana yi masa ragin kashi 4, ragin yana raguwa wata-wata har ya ƙare a Maris. Ranar 1 ga Afrilu bashi ya zama makararre, a buga jerin kadarorin a jarida, sannan a yi gwanjo kafin ko a ranar 1 ga Yuni. Mu ɗauka gida ne da darajarsa ta kai dala 200,000, haraji da tara da kuɗin talla suka haɗu suka zama dala 3,200. Wannan dala 3,200 ita mai saye zai biya, babu ragi babu ƙari. Abin da ake takara a kansa shi ne ruwan da za a ɗora wa mai gida. A gwanjon da muka saba tayi hawa yake yi, a nan sauka yake yi: ana farawa daga kashi 18 cikin 100 a shekara, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda, ana raguwa da rubu'in kashi ɗaya, kuma wanda ya yarda da mafi ƙanƙantar ruwa shi ke tafiya da takarda.

Masu talla kashi 18 suke ambata, wanda a kan dala 3,200 zai ba da dala 576 a shekara. Amma gida mai irin wannan daraja a unguwa mai rai, kowa ya san za a fanshe shi, don haka tayi yakan gangara har zuwa rubu'in kashi ɗaya. Mai karatu zai yi mamakin wanda zai ɗaure kuɗinsa a kan wannan ɗan abu, amsar kuwa tana cikin wani sashe na dokar jihar: duk takardar da aka fansa, mai ita ba zai samu ƙasa da kashi 5 na kuɗinsa ba, in dai ba sifili ya taya ba. Ke nan idan mai gida ya biya bayan wata 4, mai takarda ya samu dala 160 a wata 4, riba mai kauri idan aka auna ta da shekara. Idan kuwa sai bayan shekara 2 ya biya, dala 160 ɗin ce dai ba ƙari, wato kashi 2 da rabi a shekara, abin da ajiyar banki take iya wucewa a wasu lokuta. Mai takarda bai san ranar da kuɗinsa zai dawo ba, kuma ba shi da ikon hanzarta ta, domin dokar Filorida ta hana shi tuntuɓar mai gida don neman biya har sai shekara 2 ta cika. Mai gida ofishin karɓar haraji yake kai kuɗi, ofishin ya tura wa mai takarda, sau da yawa ba tare da ɗayansu ya san fuskar ɗaya ba.

Waɗanda suke gangarar da tayin nan manyan kamfanonin zuba jari ne da bankuna, masu sayen dubban takardu a rana guda da kuɗin da suka ranto a ruwa mai sauƙi. A wurinsu lissafin jimla ne: cikin takardu 10,000 akasari za su dawo da wuri, kashi 5 ɗin ya rufe masu jinkiri. Idan mutane da dama suka taya rubu'in kashi ɗaya a takarda guda, kwamfuta ce take jefa ƙuri'a, kuma an yi lokacin da wasu kamfanoni suke rajistar dubban ƙananan kamfanoni na suna kawai domin yawaita ƙuri'unsu, har gundumomi da dama suka kafa ƙa'idar mai taya ɗaya, rajista ɗaya. A New Jersey kuma akasin haka aka gani, inda daga 2011 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta riƙa gurfanar da masu saye da suka haɗa baki suna raba takardu a tsakaninsu domin kada ruwa ya sauka, kuma da yawansu sun amsa laifi. Mutumin da ya zo da dala 5,000 ta tarin guminsa, cikin waɗannan yake shiga.

Arizona tana farawa daga kashi 16, ana gwanjo a Fabrairu, gundumar Maricopa da birnin Phoenix yake ciki tana yin nata ta intanet, kuma sai bayan shekara 3 mai takarda zai iya zuwa kotu neman kadara. Iowa ta tsayar da ruwanta a kashi 2 kowane wata, sai takara ta koma kan wanda zai yarda da mafi ƙanƙantar rabo a kadarar idan ba a fansa ba. Tsarin New Jersey ya fi kowanne ɗaure kai ga baƙo. Idan tayi ya sauka daga kashi 18 har ya taɓa sifili, sai gwanjo ya juya ya fara hawa, kowa yana faɗin ƙarin kuɗin da zai ajiye a hannun hukuma a kan bashin. Mutum yana iya ajiye dala 20,000 domin ya samu takardar dala 5,000. Wannan ajiya ba ta haihuwa, ana mayar da ita idan an fansa, kuma idan shekara 5 ta wuce ba fansa ta zama ta hukuma. Abin da suke hari shi ne harajin gaba: mai takarda yana da damar biyan harajin da zai biyo baya a madadin mai gida, wannan kuwa yana cin ruwa har kashi 18 ba tare da takara ba. Wanda bai da kuɗin ci gaba da biya shekara bayan shekara, ya sayi rabin haja ne.

Sai batun gidan, wanda shi ne ya jawo mutane tun farko. Gida mai kyau da wuya ya kai ƙarshen hanya, dalilin kuwa banki ne. Yawancin masu rancen gida a Amurka, banki yana haɗa kuɗin haraji cikin abin da suke biya duk wata ya kai wa gunduma da kansa, kuma ko da bai yi haka ba, ba zai zuba ido bashin dala 3,000 ya share masa rancen dala 150,000 ba, zai biya ya ɗora wa mai gida. Abin da ke saura bayan wannan tankaɗe iri biyu ne. Na farko kadarar da mai ita ya yar da gangan domin ba ta kai harajinta ba: siririn fili tsakanin gidaje biyu da ba a yarda a yi gini a kansa ba, fadama, fili marar hanyar shiga, kangon da hukumar birni ta yi wa alamar rushewa, tsohon gidan mai da tankunansa suka gurɓata ƙasa. A yankin Lehigh Acres na gundumar Lee a Filorida, an yanka dubban fulotai tun shekarun 1950 aka sayar wa mutanen nesa da ba su taɓa ganinsu ba, kuma irin waɗannan fulotai sun daɗe suna cika jerin gwanjo. Takardun da ba wanda ya taya suna komawa hannun gunduma a kan cikakken kashi 18, kuma kowa yana iya zuwa ya saya ba takara, abin da masu koyarwa suke nunawa kamar wata ɓoyayyiyar taska. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwararrun da suka bi jerin layi-layi sun gan su suka wuce. Idan ba a fansa ba, kashi 18 ɗin lamba ce a takarda, kuma a Filorida takardar tana mutuwa bayan shekara 7, a Arizona bayan 10, da kuɗin da komai.

Ko a inda kadarar take da daraja, dokar Filorida ba ta miƙa wa mai takarda mabuɗi. Bayan shekara 2 zai nemi a sayar da kadarar, kuma kafin nan sai ya biya dukkan sauran takardun bashi da ke kanta, da harajin da ya taru, da kuɗin bincike da na sanarwa, ta yadda dala 3,200 ɗin farko tana iya zama 12,000. Daga nan magatakardan kotu ya buɗe sabon gwanjo ga kowa da kowa. Idan wani ya fi shi tayi, a mayar masa da kuɗinsa da ruwansa, gida ya tafi ga wancan. Idan gidan zaman mai shi ne, doka ta ƙara rabin darajar da aka ƙiyasta masa a kan farashin buɗe gwanjo. Mai takarda yakan tashi da kadarar ne idan ya biya farashin da ya doke na kowa, ko kuma idan babu mai so.

Wanda ya samu takardar mallaka ma bai huta ba. Kamfanonin inshorar mallaka ba su cika amincewa da takardar da ta fito daga gwanjon haraji ba, kuma mai saye da rancen banki ba zai sayi gida babu wannan inshora ba, don haka sai an ɗauki lauya an shigar da ƙarar tabbatar da mallaka, wadda take cin watanni. Idan hukumar haraji ta tarayya tana bin tsohon mai gida bashi, tana da kwana 120 bayan sayarwa da za ta iya fanshe kadarar. Idan mai gida ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye ya kasa biyan basussukansa, komai yana tsayawa cak har sai alƙali ya ba da izini. Kuskure a sanarwa kuma yana rushe ciniki: a 2006, a shari'ar Jones da Flowers, Kotun Ƙolin Amurka ta ce idan wasiƙar sanarwa ta dawo ba a karɓa ba, dole hukuma ta ƙara wani yunƙuri kafin ta sayar da gidan mutum. Masu sayar da darussa ba su cika tsayawa a kan waɗannan ba. A 2012 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta samu hukuncin dala miliyan 478 a kan masu tallata wasu tsare-tsare uku na yin arziki dare ɗaya, cikinsu har da na John Beck, wanda yake alkawarin gidaje a gwanjon haraji da 'yan kwabbai.

Wanda ya ji duk wannan kuma yana son gwadawa, shawarata ita ce ya tsaya a jiha ɗaya, gunduma ɗaya, wadda zai iya zuwa da ƙafarsa. Ya karanta dokar jihar da kansa, a Filorida babi na 197 na kundin dokokinta, domin kyauta take a intanet kuma ta fi kowane darasi na kuɗi. Ya kalli gwanjo guda daga farko zuwa ƙarshe bai taya komai ba, ya duba sakamakon bara ya ga a nawa aka tafi da takardu. Kowace kadara da ya sa wa ido, ya nemi lambarta a rajistar ofishin gunduma mai ƙiyasta darajar kadarori, ya duba taswira, ya binciki wasu basussukan da ke kanta, sannan ya je ya gani, domin hoton tauraron ɗan'adam yana iya nuna rufin gidan da gobara ta cinye bara. Rajistar gwanjo tana buƙatar lambar biyan haraji ta Amurka da ajiyar wani kaso na abin da mutum yake niyyar kashewa, kuma ribar da aka samu ita ma ana biya mata haraji. Kuɗin da zai saka ya zama wanda ba zai nema ba har shekara 3, tare da tanadin ninkinsa domin harajin gaba da lauya.

Akwai tambayar da mai karatu Musulmi ya riga ya yi wa kansa tun sakin layi na farko, kuma ba daidai ba ne a kewaye ta. Ribar takardar nan ƙari ne a kan bashi, wanda yake ƙaruwa da tsawon lokaci, kuma a ganina kiransa tara ko lada bai canza siffarsa ba. Ga kuma sayen bashi daga hannun mai bi, babin da malaman fiƙihu suka kafa wa sharuɗɗa masu tsauri. Sayen kadarar kanta a gwanjon hukuma mas'ala ce daban, domin ciniki ne, kuma malaman Malikiyya sun yarda alƙali ya sayar da dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu domin a biya masu binsa, abin da ya yi saura a mayar masa. Wannan batu na saura, shi ne ya girgiza harkar baki ɗaya a 'yan shekarun nan.

Iri na biyu na kadarorin da ba a fansa, waɗanda na jinkirta ambatonsu, su ne gidajen da babu banki a bayansu: na tsofaffin da suka gama biyan rance tuntuni, na marasa lafiya, da gidajen gado da magada suka watse babu mai buɗe wasiƙa. Gidan araha da ake nunawa a talla, idan har gaskiya ne, galibi daga nan ya fito. A 2013 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani tsohon soja ɗan shekara 76 mai ciwon mantuwa a birnin Washinton, wanda ya rasa gidansa na dala 197,000 a kan bashin harajin da ya fara daga dala 134. A jihar Minesota kuma, Geraldine Tyler ta bar ɗan gidanta a Minneapolis ta koma gidan kula da tsofaffi, harajin kusan dala 2,300 ya kumbura da tara da ruwa ya kai kimanin 15,000, gundumar Hennepin ta sayar da gidan dala 40,000 ta riƙe kuɗin duka. Ranar 25 ga Mayu 2023, tana da shekara 94, alƙalan Kotun Ƙoli su 9 suka haɗu a kan cewa riƙe rarar dala 25,000 ƙwace ne da tsarin mulki ya hana, kuma alƙalin alƙalai John Roberts ya bi asalin ƙa'idar har zuwa yarjejeniyar Magna Carta ta Ingila ta 1215.

Hukuncin a kan gunduma aka yanke shi, amma bai tsaya a kanta ba. Jihohin da dokarsu take barin mai takarda ya haɗiye gida dungurungum sun shiga gyara, New Jersey da Kolorado suka yi nasu a 2024, ta yadda ake iya kai kadara gwanjo a fili a mayar wa tsohon mai ita abin da ya haura bashi. A Nebraska, inda wani kamfani ya karɓi gidan da ya kai kimanin dala 60,000 a kan bashin da bai fi 5,000 da 'yan kai ba, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2024 cewa kamfanin da ya karɓi takardar mallaka shi ke da alhakin biyan tsohon mai gida rarar. Mai zuba jarin da ya yi shekaru yana jira, ya biya harajin gaba, ya biya lauya, ya karɓi gida, yanzu a can yana iya wayar gari shi ake bi bashin bambancin da ke tsakanin abin da ya kashe da darajar gidan.